Ɗan Tafki Da Matsirga A Tsakar Gida: Ado Ne Ko Jidali?

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata)



Tun ranar da wasu daga cikinku suka zo mini barka suka ga ɗan tafkin da na gina a tsakar gida, ban huta da tambaya ba. Wannan ya ce a ba shi birkilan, wancan ya ce a faɗa masa inda ake sayen injin. Shi ya sa shugabanni suka ce in zo in yi bayani gaba ɗaya, kowa ya ji da kunnensa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Gurara ta Jihar Neja, ko Matsirga ta kusa da Kafanchan, ko Erin Ijesa ta Jihar Osun, ya san abin da ƙarar zubowar ruwa ke yi wa zuciya. Mutum ya wuni cikin hayaniyar kasuwa da odar motoci, in ya dawo gida ya zauna kusa da ruwa mai zuba, sai ya ji gajiya tana sauka. Ana iya yin ƙaramar irinta a fili kamar na tabarma biyu. Amma bari in faɗa muku tun daga farko, ruwan da aka tara a gida amana ne. In yana gudu kuma ana kula da shi, tafki ne. In ya tsaya aka manta da shi, ya zama kududdufi, kuma kowa ya san abin da kududdufi ke haifarwa.

Ni na ɗanɗana. Na farkon da na yi, siminti bai gama sakin gubarsa ba na zuba kifi, kafin kwana biyu duk sun taso ciki sama. Daga baya injin ya lalace, na yi ta cewa gobe, jibi. Ba a yi mako biyu ba sauro ya hana gidan barci, har maƙwabcina ya zo da kansa ya yi mini magana, kuma shi ke da gaskiya. To, kada ku bi ta inda na faɗi.

KAFIN A ƊAUKI DIGA

Akwai tambayoyi uku da kowa zai yi wa kansa.

Ta farko, akwai ƙananan yara a gidan? Wannan ita ce babba. Yaro mai rarrafe ko mai tatata yana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, in ya faɗa ta fuska. Kuma ba ya ihu, ba a jin motsinsa. Uwa ta shiga ɗauko gishiri, kafin ta fito aikin gama ya gama. Gidajenmu na nan galibi gidajen haya ne, ko naka sun girma na maƙwabci suna shigowa. Saboda haka ko dai mai walda ya yi maka ragar rodi mai ƙarfi wadda za ta rufe bakin tafkin duka, wadda babban mutum zai taka ba ta lanƙwashe ba, ko kuwa ka yi irin wanda ba shi da buɗaɗɗen ruwa, wanda zan yi bayaninsa nan gaba.

Ta biyu, gidan naka ne? In na haya ne, ka nemi izinin mai gida da yardar sauran 'yan haya tukuna. Mu da muke zaune a garin wasu, zaman lafiya da maƙwabta shi ne jarinmu.

Ta uku, za ka iya riƙe injin yana aiki kullum? In amsar a'a ce, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

WURI DA AWO

Kada a haƙa a ƙarƙashin mangwaro ko wata bishiya mai zubar da ganye, don ganyen zai ruɓe a ciki ya ɓata ruwan, saiwa kuma ta fasa ginin. A nisanci sokawe da tushen ɗaki. Kada kuma a zaɓi kwarin da ruwan sama ke taruwa. Daminar nan Kudu ba irin ta gida ba ce, tana farawa tun wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, ruwa ɗaya kawai zai kwaso dattin tsakar gida ya zuba a ciki. A ɗaga bakin tafkin ya ɗara ƙasa da kamar santimita 10, a sa masa bututun da zai fitar da rarar ruwa zuwa kwata. Wurin da rana ke samu na awa huɗu zuwa shida a yini ya wadatar. In ta yi yawa, gansakuka ce za ta mayar da ruwan kore shar.

Ga awon da na yi amfani da shi: tsawo mita 2, faɗi mita 1 da rabi, zurfi santimita 60. In ka ninka su za ka samu lita 1,800, wato durom 9 na lita 200, ko jarka 72 ta lita 25. Mai sayen ruwa wurin 'yan garuwa ya yi wannan lissafi kafin ya fara. Zurfin nan yana da dalili, ruwan da bai kai haka ba yakan yi zafi da tsakar rana ya wahalar da kifi. A gefe ɗaya a bar ɗan dakali a cikin ruwa, zurfin santimita 20, inda za a jera tukwanen shuka. A gwada bakin ramin da tiyo mai ruwa irin na birkiloli, don in gefe ɗaya ya fi tudu, ruwa da kansa zai tona asirin aikin.

SIMINTI KO TAMFOL

Hanya biyu ce. Mai son abin da zai daɗe ya zuba daɓen kankare mai kaurin santimita 10 da ragar ƙarfe a ciki, kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A jera bulo inci shida a cike ramukansa, a yi filasta da simintin da aka haɗa da maganin hana yoyo. Sai dai sabon siminti yana sakin farar ƙasa mai kashe kifi. A cika shi da ruwa, a bar shi kwanaki, a zubar, a sake, har tsawon mako biyu zuwa uku. Masu kiwon tarwada a nan sukan jiƙa ganye da kututturen ayaba a ciki a wannan lokaci, sannan su wanke tas.

Ta biyu ita ce tamfol mai kauri irin na kiwon kifi. Ya fi sauri, kuma ɗan haya in zai tashi sai ya naɗe abinsa. Awonsa shi ne tsawon rami, a ƙara zurfi sau biyu, a ƙara santimita 60 na naɗin baki. A namu ramin ya kama mita 3.8 da mita 3.3. A tsince duwatsu da saiwoyi da kwalabe, a shimfiɗa yashi mai laushi da tsofaffin buhuna a ƙasa kafin a ɗora shi. Kada a sayi ledar rufe kaya don araha, rana za ta cinye ta. Araha ba ta ado.

MATSIRGAR KANTA

Ƙasar da aka haƙo kada a zubar. A tara ta a gefe ɗaya, a daddale ta sosai ta zama tudu mai tsayin rabin mita ko ɗan fi. A sassaƙa mata matakala biyu ko uku, a shimfiɗa tamfol a kai yadda leɓensa zai sauko ya hau kan na tafkin, kamar yadda ake jera kwanon rufi. A ɗaga gefe da gefensa. Sannan a jera duwatsu, manya a ƙasa. A bakin kowace matakala a sa faffaɗan dutse, ya ɗan leƙo waje, ya ɗan sunkuya gaba, shi ne zai sa ruwa ya zubo kamar labule. A toshe ƙarƙashinsa, in ba haka ba ruwan zai bi ta ƙasa, ka ji ƙara ba ka ga komai ba.

Injin kuwa ɗan ƙarami ne da ake nutsawa cikin ruwa, ƙanin sumo na rijiyar burtsatse. Ƙa'idar ita ce ya juya ruwan tafkin duka cikin awa ɗaya zuwa biyu. Ku lura, adadin da aka rubuta a jikin kwali na ruwan da bai hau tudu ba ne, yana hawa ƙarfinsa na raguwa. Don haka ga tafkin lita 1,800 a nemi mai tura lita 2,000 zuwa 2,500 a awa. A ajiye shi a ɗaya ƙarshen, nesa da matsirgar, a ɗora shi kan bulo don kada ya zuƙi laka. Mai cin wat 40 in ya kwana ya wuni yana aiki, kusan yunit ɗaya yake sha.

Wuta da ruwa ba sa ga maciji. Kada ka ja waya da kanka ka naɗe ta da leda. Ka kira mai wayarin ya sa bireka irin mai yanke wuta nan take in ta zube cikin ruwa, soket kuma a rufe, nesa da ruwan sama. Ni yanzu mai bolt 12 nake amfani da shi, da farantin sola da batir. Haɗarinsa kaɗan ne, kuma ko an ɗauke wuta ruwana yana gudu.

SAURO, KIFI DA SHUKA

Sauro a ruwa mai kwanciya yake ƙwai. Tsutsarsa tana zuwa saman ruwa ta shaƙi iska, kuma a irin zafinmu daga ƙwai zuwa mai cizo mako ɗaya zuwa biyu ne kawai. Ba abin wasa ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Maganinsa a tafki biyu ne: ruwa mai motsi da kifi mai cin tsutsa. 'Yan ƙananan karfasa biyar ko shida sun isa. Suna da haihuwa, a riƙa ragewa. Tarwada kuwa dama ruwa take yi, ta cinye ƙanana. Kada a cika ba su abinci, abin da za su cinye cikin minti biyar ya isa. In ruwan famfo ne, a bar shi ya kwana biyu kulorin ya fita kafin a sa su.

Bado a tukunya shi ne sarkin shukar tafki. Ganyensa ya rufe kamar rabin ruwan, ya yi inuwa, ya rage gansakuka. Kainuwa dashen Allah ce, amma a riƙa tsince ta, don akwai irin sauron da tsutsarsa ke maƙale wa saiwarta. Ita kuwa ciyawar nan mai shuɗin fure da ta shigo ruwan Legas ta Badagry a 1984 ta toshe hanyar jiragen ruwa, kada kyanta ya ruɗe ku. Duk shukar da aka ɗebo daga rafi a wanke ta, a cire 'yan katantanwar da ke jikinta, don wasunsu ke ɗauke da tsargiya.

Da hunturu ruwa zai riƙa raguwa, a ƙara. In raguwar ta yi yawa, a kashe injin na yini ɗaya. In ruwan ya tsaya inda yake, yoyon a matsirga yake. Kowane mako a wanke soson injin, a kwashe ganye.

Saura alƙawarin da na yi wa masu ƙananan yara. A binne durom ko baho mai ƙarfi a ƙasa, a sa injin a ciki, a rufe da ragar rodi, a shimfiɗa ragar sauro, a zuba tsakuwa a kai. Ruwa zai zubo daga matsirga ya nutse cikin tsakuwar, injin ya sake tura shi sama. Ga ƙarar ruwa, ga sanyi, babu inda yaro zai faɗa, babu inda sauro zai sauka. Da a ce yau zan fara, wannan zan yi.

Duk mai niyya ya zo ya ga nawa kafin ya sayi ko buhun siminti ɗaya, ƙofa a buɗe take. Mai tambaya kuma ya ɗaga hannu.