Bayan Amarci Ya Wuce: Me Ke Riƙe Gamsuwa Tsakanin Miji da Mata?

 

An ɗora mini batun da ba a saba ɗaga murya a kansa ba, wato gamsuwar ma'aurata a shimfiɗa bayan aure ya kwana biyu. Na ga wasu sun sunkuyar da kai tun da aka karanta taken. Babu laifi, kunya tarbiyyarmu ce. Sai dai maganar da miji da mata suke jin nauyin yi a ɗakinsu, mai maganin gargajiya yana yin ta da lasifika a tasha da bakin kasuwa, gatsal, yara na saurare. Mu kuma muna ciro kuɗi muna saya.

Ku dubi abin da ake kashewa. Mace tana da tsimi da gumba da dahuwar kaza da matsi, namiji yana da maganin ƙarfin maza da na basir da na sanyi. Kowa ya shiga kasuwa a ɓoye yana nema wa aurensa gyara, kuma ba wanda ya tambayi abokin zamansa me ke damunsa. Ban zo in zagi kayan mata ba. Dabino da aya da kwakwa da madara abinci ne mai kyau. Abin da nake ja da shi shi ne zaton cewa matsalar tana cikin jiki kaɗai, kuma maganinta yana cikin kwalba.

A 1966 William Masters da Virginia Johnson na Amurka suka fitar da binciken da ya tsara yadda jiki ke amsawa a saduwa, mataki bayan mataki. Aka daɗe ana ɗaukar cewa sha'awa ce ke fara zuwa, sauran su biyo baya. A 2000 wata likita a Kanada, Rosemary Basson, ta nuna cewa ga mata da yawa, musamman waɗanda suka daɗe da aure, abin ba haka yake tafiya ba. Mace na iya shiga ɗaki ba ta jin komai, ba ƙi ba so. Idan ta sami natsuwa da tattausan lafazi da wasa ba gaggawa, sai sha'awar ta taso daga baya. Maigida da bai san wannan ba sai ya ce ta daina sonsa. Ita ma sai ta yarda cewa ni'imarta ce ta ƙafe, ta aika a sayo mata haɗi. Alhali lafiyarta lau, lokaci ne ba a ba ta ba.

Abin mamaki, malamanmu sun riga Basson da ƙarnoni. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani a Ihya'u cewa miji ya gabatar da wasa da magana mai daɗi, kuma idan ya biya buƙatarsa kada ya tashi sai ita ma ta biya tata. A fiƙihu, wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba ana jiransa wata 4 ne, daga nan ko ya koma ko a rabu. Shari'a ta ɗauki wannan a matsayin haƙƙin mace, ba alfarmar da ake yi mata ba. Amma ku saurari nasihar da ake yi wa amarya daren kai ta: yi, bari, haƙuri, gyara. Angon fa, wa ya zaunar da shi? Abokansa ne, kuma abin da suka ba shi ƙwaya ce.

Sai maganar yawa, wadda maza suke auna kansu da ita a majalisa, galibi da ƙarin gishiri. A 2015 Amy Muise da abokan aikinta suka duba bayanan mutane sama da 30,000, suka ga jin daɗin zama yana ƙaruwa da yawan saduwa har zuwa kusan sau ɗaya a mako, daga nan ƙari ba ya ƙara komai a kan matsakaicin lissafi. A Arewacin Amurka aka yi binciken, ba doka ba ce ga kowane gida, balle gidan da ake rabon kwana. Abin ɗauka a ciki shi ne ƙirga ba ta auna gamsuwa. Wani binciken da David Frederick ya jagoranta, wanda ya fito a 2017 a kan mutane fiye da 38,000 da suka daɗe tare, ya gano cewa waɗanda suka gamsu sun fi yin magana a kan abin da suke so, sun fi sauya salo, sun fi ba wa shiri lokaci.

Yanzu mu shiga gidajenmu. Mace ta tashi tun asuba, ta yi shara, ta ɗora tukunya, ta shirya yara makaranta, wataƙila ta tafi aiki ko ta yi sana'arta, ga goyo. Ranar girkinta, wadda ita ce ranar kwananta, ita ce ranar da ta fi kowace gajiya, domin ita za ta ciyar da gidan duka. Maigida ya dawo ƙarfe goma sha ɗaya daga hira, ya tarar ta yi barci, ya ji haushi. Ga ɗaki ɗaya da yara uku a tabarma, ƙofa ba sakata. Ga maganar da ya yaɓa mata da rana a gaban ƙannensa, wadda shi ya manta, ita kuwa tana nan daram a ranta. Babu tsimin da zai wanke wannan. A gidan mace fiye da ɗaya kuma, duk wadda ta ji ana gwada ta da abokiyar zamanta, fargaba ce ke kwana da ita.

Ban ce jiki ba shi da nasa ba. Yana da shi, kuma a nan ne nake roƙon a daina ɓoye-ɓoye. Ciwon suga da hawan jini suna lalata ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa raunin gaba ga namiji kan zama alamar farko ta ciwon zuciya, shekaru kafin ƙirji ya fara ciwo. Magidancin da ya kai arba'in ya ga ƙarfinsa ya ragu, awon suga da awon jini ya kamata ya fara yi, ba jiƙon basir ba. Wasu magungunan hawan jini da na ciwon damuwa su ma suna rage sha'awa, kuma likita na iya sauya su idan an faɗa masa. Kada dai mutum ya daina sha da kansa. Tiramadol da matasa ke sha don jinkiri, idan aka daɗe a kansa, yana iya rage sha'awar ƙwarai. Ƙwayar Viagra, da aka amince da ita a Amurka a 1998, tana aiki, amma ga mai shan wasu magungunan ciwon zuciya tana iya faɗar da jini har ta kai ga halaka. Kuma an sha samun sinadarinta a ɓoye cikin haɗe-haɗen da ake cewa na gargajiya ne zalla.

Ga mata, shayarwa tana rage sinadarin da ke kawo danshi, haka ma ɗaukewar al'ada, wadda kan zo tsakanin shekara 45 da 55. Bushewa tana kawo zafi, zafi yana kawo gudu, miji kuma ya fassara gudun da raini. Man da ake sayarwa a kantin magani don wannan ya fi matsi aminci nesa ba kusa ba, domin matsin da ke busar da gaba yana kawo ƙujewa, ƙujewa kuma ƙofa ce ga cuta. Ga tsoron kwanika, wanda kan sa mace ta ƙaurace wa mijinta wata da watanni ba ta faɗi dalili ba. Zama ɗaya a asibiti a kan tazarar haihuwa, su biyu tare, zai iya warware shi.

Roƙona ga ma'aikatan lafiya da ke nan: idan mai ciwon suga ya zo karɓar magani, ko mai jego ta zo awo, ku tambaya a keɓe, cikin mutunci, yaya iyali, yaya ɗaki. Yawancinsu ba za su fara ba, amma za su amsa. Malamai masu ɗaura aure kuma, ku riƙa keɓe ango ku gaya masa abin da ke kansa, kamar yadda gwaggo ke keɓe amarya. Ku kuma ma'aurata, kada a tayar da zancen a shimfiɗa lokacin da rai ya ɓaci. A bari sai an ci an sha, yara sun yi barci, a fara da abin da ake jin daɗinsa kafin a zo ga abin da ake so a gyara.

Shugaban zama, na ga an miƙo mini takardar lokaci. Wanda yake jin nauyin tambaya da baki ya rubuta ba suna, a tattaro mini.