Jawabi Ga Rassanmu A Kan Koya Wa Yara Rubutu Daidai



Maganar da ta tara mu yau ƙarama ce a ido: yadda ɗan lakwal zai rubuta kalma daidai. Amma ku sani, a shekarar 2025 doka ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar. Harshen ƙasa kuwa da shi ake rubuta takardar gona, da wasiƙa, da shaidar bashi. In yaranmu ba su iya rubuta shi bai ɗaya ba, dokar za ta tsaya a bisa takarda.

Ƙa'ida tana nan, ba yau aka fara ba. A 1966 aka yi taro a Bamako, aka daidaita baƙaƙen rubuta Hausa da waɗansu harsunan Afirka ta Yamma. A 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram inda aka fara karantar da yara da Hausa. A 1999 gwamnati ta fitar da tsarin rubutun da ake bi. Abin da ya rage shi ne ya shiga hannun yaro.

Ciwon farko shi ne rubutun Faransanci da ya bi mu. Ku dubi allunan bakin hanya: Tahoua, Tessaoua, Dogondoutchi. Mu kuwa Tawa muke cewa, da Tasawa, da Dogon Dutsi. Yaro ya saba ganin ou a wurin u ko w, da tch a wurin c, da dj a wurin j. To, a faɗa masa tun ajin farko: wannan ƙa'idar Faransa ce, tana da wurinta. Hausa yadda aka ji ta haka ake rubuta ta.

Ciwo na biyu, baƙaƙe masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke rubutawa 'y. Kada wani ya ce ƙugiya ado ce. Kaya daban, ƙaya daban. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Wanda ya cire ƙugiya daga ƙasa ya mai da ita kasa, ko dai gazawa ko macijiya!

Ciwo na uku, raba kalmomi da haɗa su. Ana rubuta yana a haɗe, gidansu a haɗe, amma shi ne da ita ce a rabe.

Yaya za a koyar? Kunne kafin hannu. Mushe ya faɗi kalma biyu, kaya da ƙaya, yaro ya maimaita har ya ji bambanci a maƙogwaronsa, sa'an nan ya ɗauki alli. Kalma biyar a yini sun isa, kuma su zama na gida da kasuwa: gero, gujiya, tunkiya, ƙwarya. In an yi dikte, a bar yaro ya gwada nasa da na babban allo, ya gyara da hannunsa. Bulala ba ta koya wa kowa ƙugiya, tsoron alli kawai take koyarwa. Yaron da ya ce tahi maimakon tafi, kada a yi masa dariya, maganar gidansu ce. A nuna masa rubutun da kowa ke bi, shi ke nan.

Ga aikin kowane reshe. Ku nemi mai karatu ɗaya a unguwa ya zauna da yara minti 15 bayan magariba, ƴan mata da ƴan maza duka. Ran kasuwa ku zaga da su, su karanta allunan masu shago, su nuna inda ƙugiya ta faɗi. Mu ma manya, kowa ya gyara hannunsa a wayar salula, don abin da yaro ya gani shi yake kwaikwaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A karanta wannan takarda a taron reshe, a miƙa wa na gaba. Wassalam.