Ranar da Albashi Ya Tsaya

Jawabin da mai riƙe da littafin lissafin ƙungiya ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, a Ƙofa



Hajiya Shugaba, iyayena mata, yayyena da ƙannena, da iyayenmu maza da suka daure suka zauna can gefe, da baƙinmu da suka taso daga Kusada da Kankia da Mawashi da Yashe da Kafin Soli, sannunku da zuwa. Allah Ya ba da ladar zumunci, Ya mai da kowa gida lafiya.

Da Hajiya ta ce ni zan yi magana yau, sai na ce mata, ga manya zaune, ni me zan faɗa? Ta ce, "Ki faɗi abin da ya same ki, kada ki rage komai, akwai masu buƙatar ji." To, umarnin uwa ne. In na yi kuskure a gyara mani.

Zan fara da babana, Allah Ya ji ƙan shi. Yaran yanzu ba su san Kakuri ta da ba. A Kaduna, tun 1957 zamanin Sardauna aka buɗe masaƙar KTL, wasu masaƙu suka biyo baya, har unguwar ta cika da ma'aikata daga kowane gari na Arewa. KTL ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, dubban magidanta suka wayi gari babu aiki. Baba yana cikin waɗanda guguwar ta kwasa, a ɗaya daga cikin masaƙun, ba sai na kama suna ba. Lokacin ina 'yar sakandare.

Abin da ba na mantawa shi ne jira. Kullum da safe Baba zai yi wanka, ya sa kaya, ya fita wai za a yi taro a kan haƙƙinsu. Ya dawo da la'asar, takalmi duk ƙura, ya ce an ɗaga. Haka muka yi fiye da shekara biyu. Inna ce ta riƙe gidan da ƙosai da koko a ƙofar gida. Da haya ta gagara muka tattaro muka dawo nan Ƙofa, Baba ya koma gonar gado, amma zuciyarshi tana can bakin get ɗin masaƙa har ya koma ga Allah. Tun a lokacin na ƙudurta a raina cewa ni karatu zan yi, in sami aikin albashi, don kada in sha irin wahalar Inna. Ban lura ba cewa mai albashin ne ya faɗi, mai ƙosan ce ta tallabe shi.

Allah Ya cika mani buri. Na yi NCE, na yi aure, muka zauna cikin birnin Katsina, na sami aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi. Shekara bakwai ina koyar da lissafi a firamare. Albashin ba wani mai yawa ba ne, amma duk ƙarshen wata yana zuwa, kuma in na zo gida da sallah kowa "Malama" yake ce mani. Wallahi ina jin daɗin sunan nan.

Sai 2020 ta zo da korona. Cikin watan Maris aka rufe makarantu. Iyaye ba su biya kuɗin makaranta ba, mai makaranta ya ce babu abin da zai biya mu da shi. Maigidana direba ne a hanyar Kano zuwa Katsina, shi ma aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, mota ta kwanta. Na yi ta lallashin kaina cewa da an koma komai zai daidaita. Wajen Oktoba aka koma, amma yara sun ragu, aka haɗe azuzuwa. Da saƙon waya aka sallame ni, layi biyu. Shekara bakwai, layi biyu. Ba ni kaɗai ba ce a shekarar. Waɗanda suka shiga N-Power tun 2016, masu karɓar naira 30,000 a wata, su ma a tsakiyar 2020 aka yaye rukunin farko da na biyu. Na san akwai su a zaune a nan, sun san abin da nake nufi.

Yanzu ga inda na yi wauta, kuma don shi na tsaya gabanku. Na ɓoye. Wata uku cur babu wanda ya sani sai maigida. In Inna ta bugo waya in ce mata aiki lafiya lau. Na sayar da ɗan kunnena na zinari, muka ci. Na sayar da keken ɗinkin da aka kai ni ɗaki da shi, muka ci. Na rubuta takardar neman aiki ta fi goma, ina yawo makaranta makaranta, kowa ya ce za a kira ni. Wata rana na dawo da la'asar, na dubi takalmina duk ƙura, sai gabana ya faɗi. Na ga Baba. Ashe jiran da na rantse ba zan yi ba, shi nake yi.

Da kuɗin haya ya ƙare muka dawo gida. Kwana biyu ina ƙunshe a ɗaki don kunya. Rana ta uku Gwaggo ta ɗaga labule, ga ta can zaune tana dariya, ta san da ita nake. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, mutuwa aka yi ne ba a gaya mani ba?" Na ce, "A'a, Gwaggo." Ta ce, "To hannunki aka yanke?" Na ce, "A'a." Ta ce, "Kujera suka karɓe, kujerar kuma dama tasu ce. Tashi ki riƙe mani muciya."

Ranar na fara koyon man gyaɗa. Kada ku ɗauka da sauƙi na shiga. Suyar farko na ƙona rabin tiya, Gwaggo ta ce kuɗinta na wuyana. Na zuba ruwan zafi da yawa a turmi, mai ya ƙi tashi. Hannuna ya yi kanta, hayaƙi ya sa idona ja. Abin da ya fi ciwo shi ne bakin mutane. Na ji da kunnena wata na cewa, "Duk bokon nan ashe a ƙuli zai ƙare." Na shiga ɗaki na yi kuka, na fito na ci gaba da juya turmi, don kuka ba ya biyan kuɗin niƙa.

Sannu a hankali hannu ya faɗa. Na iya tsince gyaɗa, in fidda ruɓaɓɓa da mai funfuna, don irin wannan tana ɗauke da dafi mai lahani ga hanta, ba a haɗa ta da mai kyau komai tsada. Na gane suyar da ta yi daidai daga ƙamshi. Na iya murje ɓawo, in fece, a kai inji, in riƙa zuba ruwan zafi kaɗan kaɗan ina juyawa har mai ya taso, in matse tunkuza, in mulmula, in soya ƙuli a cikin man. Wannan duk ilimi ne, iyayenmu ke da shi, babu kwalejin da ta ba su takarda.

Amma nima na zo da nawa, ban ma sani ba. Wata rana na tambayi Gwaggo nawa take ci a tiya goma. Ta ce, "Allah dai Yana rufa asiri." Sai na ɗauko tsohon littafin ɗaukar darasi na, na ce mu rubuta. Kuɗin gyaɗa, kuɗin ice, kuɗin niƙa, ladan yarinyar da ke kai wa inji, kwalba, leda, gishiri, da bashin da aka ɗiba ba a biya ba. Muka haɗa. Jama'a, man gaba ɗaya uwar kuɗi kawai yake maidowa. Ribar tana cikin ƙuli, ƙulin kuma shi ne ake ba jikoki, a yi kyauta ga baƙi, a ba da bashi a manta. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe shekara ashirin sadaka nake yi." Daga ranar ta riƙo hannuna ta kawo ni wannan ƙungiya, ta ce wa Hajiya, "Ga mai biro na kawo maku."

Sauran kun sani. Littafin nan ne ya nuna mana cewa sayen gyaɗa tiya tiya da bazara shi ke cinye mu, muka koma haɗa kuɗi mu saya da kaka mu adana. Shi ya sa muka daina kai niƙa ɗaya ɗaya. Da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da kuma aka janye tallafin fetur a watan Mayu na shekarar, kuɗin niƙa da na mota suka tashi, mun san daidai nawa za mu ƙara a kwalba ba tare da mun cuci mai saye ko mun cuci kanmu ba. Yau da man gyaɗa da ƙuli nake biya wa 'ya'yana makaranta. Ban yi arziki ba, kada wata ta zo rance bayan taro. Amma babu mai sallamata da saƙon waya.

To, ga abin da nake so duk wadda aka sallama, ko aka sallami mijinta ko ɗanta, ta riƙe.

Na farko, a faɗa. Ranar da abin ya faru a sanar da na jiki. Ciwon da aka ɓoye shi ke ruɓewa. Da na yi magana tun watan farko, da keken ɗinkina yana nan, da shi ma jari ne.

Na biyu, a nemi haƙƙi, amma kada a zauna jiran shi. A adana takardar ɗaukar aiki da ta sallama da duk wata shaidar albashi. Dokar ƙwadago ta tanadi sanarwa kafin a sallami ƙaramin ma'aikaci: mako 2 ga wanda ya yi shekara 2 zuwa 5, wata 1 ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye, ko a biya shi kuɗin madadin sanarwar. Wanda kuma ake cire wa kuɗin fansho, dokar fansho ta 2014 ta ba shi dama, in bai kai shekara 50 ba kuma ya yi wata 4 bai sami wani aiki ba, ya karɓi har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunshi. Mutane da yawa ba su san wannan ba. A bi haƙƙi da ƙafa ɗaya, ɗayar tana kan sana'a.

Na uku, duk ɗan abin da ya rage a hannu, kada a taɓa shi don fita kunya. Biki zai wuce, anko zai tsufa. Kuma kada a ci bashi a zuba cikin sana'ar da ba a iya ba tukuna. A fara zama ƙarƙashin wadda ta iya, ko da kyauta ne, a ƙona rabin tiya a gidanta, ya fi a ƙona buhu a gidanka. Sannan a yi hattara da masu cewa kawo kuɗi a samo maka aikin gwamnati, ko zuba dubu goma ka kwashi ashirin a wata. Wanda aka sallama shi suka fi farauta, don sun san hankalinshi a tashe yake.

Na huɗu, ki zauna ki lissafa abin da tsohon aiki ya koya maki. Wadda ta yi aikin asibiti ta san tsafta da awo. Wadda ta yi shago ta san mu'amala da mai saye. Direba ya san hanya da kasuwanni. Ni lissafin 'yan aji huɗu na zo da shi, ga shi yana ciyar da ni.

Iyayenmu maza, ku ma ina da roƙo. Wanda ya rasa aiki, mace ko namiji, kada a dame shi da "yaushe za a kira ka?" Shi ma bai sani ba. Kuma in matarka ta ce za ta fara sana'a, ka ba ta dama da addu'a. Maigidana shi ke ɗaukar jarkokina zuwa Kankia da Charanchi yanzu, kuma kuɗin mota nake biyan shi cif, yana cikin littafi. Ga shi can, ku tambaye shi.

Daga ƙarshe, Hajiya Shugaba, ina da shawara ga ƙungiya, a duba ta a zama na gaba. Mu sa a tsarinmu cewa duk macen da ta rasa aiki, ko ta rasa mai ciyar da ita, za a haɗa ta da uwar ɗaki ɗaya daga cikinmu ta koya mata sana'a wata uku, kafin a yi maganar ba ta rance daga asusu. In ta iya, a ba ta jari kaɗan, a sa ta cikin adashi, ni kuma na ɗauki alkawarin koya mata riƙe littafi. Ba kowa ke da Gwaggo mai ɗaga labule ba. To mu zama mata Gwaggo.

Allah Ya ji ƙan Baba da duk iyayenmu da suka rigaye mu. Allah Ya saka wa Inna da Gwaggo da alheri. Waɗanda ke neman aiki Allah Ya buɗa masu, waɗanda ke da shi Allah Ya tsare masu, masu sana'a Allah Ya sa albarka. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya nuna mana taron baɗi da rai da lafiya.