Zaure da Madafa: Jawabi Kan Littafin Girke-girkenmu na Bauchi

Iyayenmu, malamanmu, iyayenmu mata da sauran 'yan'uwa 'yan asalin Bauchi mazauna wannan zango, muna yi muku barka da zuwa.

Abin da ya tara mu a yau magana ce ta littafi. Mun ƙudiri aniyar tattara girke-girken gida a rubuce, kowane girki kuma a haɗa shi da labarin wani tsohon zaure ko soro da aka yi shari'a a cikinsa. Wani zai ce, to ina ruwan tuwo da alƙali? Ai duk wanda ya tashi a tsohon gida ya sani. Zaure na gaba, madafa na ciki. A zaure ake raba gardama, in an sasanta kuma sai a fito da akushi, masu husuma su sa hannu a ciki tare. Sulhun da aka ci abinci a kansa ba ya saurin warwarewa.

Garinmu ba na jiya ba ne. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin a 1809. A fadar da ya kafa sarakuna suka yi ta zaman shari'a, har zuwa tsakanin 1967 da 1968 da gwamnatin soja ta raba sarakuna da kotunansu, ta karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e. A Kafin Madaki kuwa akwai gidan Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya, ya gina wajen 1860 da ƙasa da azara. 'Ya'yanmu nawa suka taɓa jin wannan?

Haka zancen masa. Ko'ina aka ambaci masar Bauchi, sai ka ga an gyara zama. Amma fa jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yaran da muka haifa a nan sun iya cin ta, ba su iya yin ta ba. Ba su san yadda ake jiƙa shinkafa, a dafa wani kashi a haɗa, a niƙa, a bar ƙullun ya tashi kafin ya hau tanda ba. Miyar taushe ma, da kabewarta da yakuwa da gyaɗa da daddawa, sai an nemo tsohuwa. Iyayenmu kuwa da hannu suke awo. In ka tambaya, sai su ce, "Zuba daidai." Ranar da Allah ya karɓi abinsa, wannan "daidai" ɗin ya tafi ke nan.

Don haka ga roƙonmu. Kowace uwa ta zaunar da 'yarta ko jikarta, ta yi girki a gabanta, yarinya ta auna da gwangwani da ludayi ta rubuta. Kowane dattijo ya ba mu abin da ya gani da idonsa a zauren alƙali ko na mai unguwa, ko a Jahun ne ko a Wunti, ban da sunayen masu ƙara, don kada a tone asirin kowa. Masu zuwa gida da salla su ɗauko mana hotuna.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu dai neman abinci ya fito da mu, kada mu yarda gida ya bar 'ya'yanmu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara haɗa kanmu.