Bakin Yaro Ba Ya Ɓoye Cimarsa



Hujjar da nake son kafawa ita ce, wurin duba haƙori ya fi ko'ina dacewa a yi wa uwa zancen cimar ɗanta da wasansa, domin baki ne ke fara tona asirin abin da yaro yake ci. Ƙiba da ciwon suga sai an ɗau shekaru kafin su bayyana, amma kogon haƙori yakan fito tun yaro bai shiga firamare ba. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna mayar da sukari ruwa mai tsami da ke zaizayar haƙori, yawu kuma yana buƙatar kusan rabin sa'a ko fiye kafin ya kashe tsamin. Yaron da ya sha alewa da safe, lemon kwalba da hantsi, tuwon madara da la'asar, haƙoransa ba su huta ba wuni guda. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 514 na fama da ruɓewar haƙoran farko, kuma tun 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake zubawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana. Ita ce kuma ta ce ɗan shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki na sa'a guda kullum. Abubuwan biyu a haɗe suke: yaron da aka zaunar gaban waya da ledar biskit shi ne mai ciye-ciye, wanda ya dawo daga langa kuwa ruwa yake nema.

Wani zai ce ai haƙoran za su zube, yaro zai yi famfara. Haka ne, amma kafin su zube, mai ciwon haƙori ya daina tauna nama da ganye ya koma shayi mai zaƙi, kuma haƙoran farkon su ne ke riƙe wa na dindindin gurbi.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa damuwarmu tamowa ce, ba zaƙi ba. Suna da gaskiya, amma gaskiyar tasu ƙara mini ƙarfi ta yi. Ciwon noma, mai cin fuskar ƙananan yara masu tamowa, daga kumburin dasashi yake farawa. Tun 1999 Sakkwato ke da asibitinsa na musamman, kuma a Disamban 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Ashe yunwa ma a baki take fara nuna kanta. Likitocin haƙori sun yi mana kaɗan, a birane kuma suka taru, don haka ma'aikaciyar da ke awon yara ranar rigakafi ita ya kamata a koya wa ta ɗaga leɓen yaro ta duba dasashinsa, sannan ta tambayi uwar me ya ci jiya, a ina kuma ya wuni.