Idan kun shiga Yamai, ku kai yara Muze



Watan jiya Baffana ya kai bisashe kasuwa a Yamai, ya tafi da ƙannena biyu. Da aka gama ciniki na ce mu leƙa gidan tarihi na Bubu Hama, wanda mutanen gari ke ce wa Muze. Sai ya ce: "Ni da na bar shanu a daji, me zan gani a gidan tsofaffin kaya?" Da ƙyar ya yarda.

An buɗe gidan a 1959, yana nan kusa da Ƙaramar Kasuwa, ba nisa da gadar Kenedi. Fili ne babba. Akwai zakuna, kuraye da dorina, akwai bukkar Fulani da tantin Buzaye, ga maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gabanka, ka tambaya su nuna maka, in ka so ka yi ciniki. Yara nan suka fi so.

Amma inda Baffa ya tsaya cik shi ne gaban wani busasshen icce da aka yi wa rumfa. Iccen Tenere ke nan. Duk wanda ya san ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma ya ji labarinsa: shi kaɗai ne a cikin rairayi, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga wani ba. Shekara da shekaru ayari na sauka gindinsa, ga sanyin dare, ga raƙuma da yunwa, amma ba a sare shi ba. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi. Duk faɗin Tenere fa, jama'a! Aka kwaso gawarsa zuwa Yamai, can kuwa aka kafa na ƙarfe.

Kusa da nan akwai ƙasusuwan da aka tono a Gadufawa, cikin jihar Agadas. Ciki har da na wani ƙaton kada, wanda masana suka ce ya rayu shekaru miliyan 110 da suka wuce. Ƙanena ya tambaya: "Kada a hamada? Ina ruwan?" To, nan ne zancen. Wurin da yau ba ko ciyawa, a da koguna ne. Baffa, wanda bana sai da ya sauka kudu tun kafin lokaci don neman kiwo, bai ce uffan ba.

Shawarata: ku je da safe kafin rana ta yi zafi, ku riƙe ruwan sha, kuma kada yaro ya miƙa hannu cikin kejin dabba.

A mota muna komawa, Baffa ya ce baɗi zai zo da sauran yaran, har da 'yan matan.