Garmahon Kaka Ba Kayan Gwangwan Ba Ne

Idan aka zo rabon gado, garmaho na cikin kayan da ba a ko waiwaya, sai a miƙa wa 'yan gwangwan a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a Amurka, a 1887 kuma Emile Berliner ya fito da mai amfani da faifai, wato garmaho. Ba ruwan garmaho da wutar lantarki ko batir. Ka wana hannun, ka ɗora allura, murya ta fito. Faifan yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kowace fuska ta ba ka waƙar kamar minti 3. A Turai da Amurka har gwanjon garmaho ake yi, musamman samfurin HMV mai hoton kare.

Sai dai yana son lallaɓawa. Tsohon faifai da wani irin ƙaro ake yin sa, yana faɗuwa ya tarwatse. A jera shi a tsaye, nesa da rana da ƙurar hunturu. Allurar ƙarfe kuwa, fuska ɗaya ta ci a sauya ta, in ba haka ba ta cinye faifan. Kada kuma a kuskura a ɗora wa garmaho faifan roba na baya-bayan nan.

Don Allah magada, in an yi wa garmaho kuɗi, ɗayanku ya karɓe shi a cikin rabonsa. A rubuta sunan mai shi a takarda, a ajiye cikin akwatin, saboda jikoki.